Ɗigo Uku a Kulocin Bitrus

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya tausasa ƙarfe a hannun bawanSa Annabi Dawuda, Ya kuma sanya wa 'ya'yan Adamu abincinsu a cikin abin da hannuwansu suka aikata. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana makanikai, manya da masu tasowa, kun nemi in rubuta muku wani abu daga cikin abin da na gani a sana'ar nan tun idona yana iya bin layi. Na duba ayyukan da suka ratsa ta hannuna, sai na ga ɗaya ne kawai ya ƙi barin zuciyata. Ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni wani gida a Jambutu domin in duba kulocin wani babur da ya yi shekaru bai hau titi ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hammadu, a Bako aka haife ni, cikin tsohuwar Yola. Mutanen Jimeta Modibbo suke kirana, wato malami, domin na yi karatu a zauren mahaifina kafin in kama sifana. Wasu don girmamawa suke faɗa, wasu don tsokana, ni kuwa duka ina amsawa. Garejina yana Jimeta tun zamanin da idan ka tsaya bakin titi da safe ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar 'yan acaɓa.

A garejinmu yaro yana farawa ne da wanke kaya da kananzir. Idan hannunsa ya saba, a ba shi kwancewa. Ɗaurawa ita ce ta ƙarshe, domin kwancewa kowa yana iyawa. Wanda aka yarda ya rufe inji shi kaɗai, shi ne babban yaro, daga nan sai yaye. Muna kuma da wata al'ada da na gada daga wanda ya koya mini. Idan makaniki ya haɗa ƙarafa biyu da ba sa zama daidai sai ta fuska ɗaya, kuma babu alamar masu ƙera su, ko alamar ba ta da amfani, to zai ɗauki ƙusar ƙarfe da guduma ya buga ɗigo a kan kowannensu, domin wanda zai buɗe a bayansa ya san inda za su haɗu. Kowa da nasa adadi. Nawa ɗigo ɗaya ne. Babban yarona na farko biyu. Uku kuwa na Bitrus ne.

Bitrus ɗan Malam Ishaya ne, wani hedimasta mutumin wajen Numan da aiki ya kawo shi Jimeta, ya gina gida a Jambutu. Shi da kansa ya riƙo hannun yaron ya kawo mini, ransa ba daɗi, domin malanta ya so masa, yaron kuwa ya ce shi ƙarfe yake so. Ban taɓa samun almajirin sana'a mai kunne irin nasa ba. Babur yana shigowa, kafin mai shi ya sauka, Bitrus ya riga ya faɗi ciwonsa. Yana aiki yana rera waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa, in na ɗaga kai sai ya yi shiru, in na sunkuya ya ci gaba. Ranar Juma'a shi ke riƙe gareji in tafi masallaci, ranar Lahadi ni nake riƙewa. Bappa yake kirana, kamar yadda 'ya'yan 'yan'uwana suke yi.

Da rikicin 'yan ta-da-ƙayar-baya ya tsananta aka hana hawa babur a cikin gari, sai aikinmu ya mutu a tsaye. Ni na koma gyaran keke mai ƙafa uku da injin ban-ruwa. Bitrus, wanda a lokacin na riga na yaye shi har ya yi aure, ya ce shi ba zai iya rabuwa da babur ba. Ya ɗauki matarsa Rifkatu suka koma wani gari a arewacin jihar nan, gindin duwatsu, inda babura ke yawo, ya buɗe rumfarsa. Sai fitinar ta bi shi can. A shekarar da mutanen arewacin jihar suka kwararo Yola, har kowane gida ya cika da baƙi, Bitrus ya goyo Rifkatu da jaririyarsu a kan babur ɗinsa ta hanyoyin daji. Daga bakin gadar shigowa Jimeta tura babur ɗin suka yi har Jambutu saboda dokar hana hawa. Kwana ɗaya ya yi. Da safe ya ce zai koma a mota ya ɗauko surukarsa da aka bari a baya. Ya shigar da babur ɗin ɗakinsa, ya ce wa mahaifinsa ya riƙa tayar da shi duk Asabar kada inji ya kwanta, kuma kada ya bari kowa ya kwance shi, shi zai dawo ya yi. Surukar ta iso bayan makonni da ƙafarta, tare da wasu mata. Bitrus bai iso ba, kuma har yau da nake wannan rubutu babu wanda ya kawo labarin rayuwarsa ko na mutuwarsa.

Malam Ishaya ya riƙe maganar nan kamar yadda ake riƙe wasiyya. Duk Asabar zai tura babur ɗin tsakar gida, ya kafa shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya buga kik, ya bar shi yana ƙara na ɗan lokaci, ya goge shi, ya mayar. Ya koyi juye baƙin mai da wanke fulogi da kansa. Duk lokacin da na je gaishe shi nakan ce ya bar ni in duba, shi kuma yakan ce, cikin ladabi, mai shi bai ba da izini ba. Ban taɓa matsa masa ba.

Shekaru suka wuce, jaririyar nan ta shiga sakandare. Wata ranar Alhamis a farkon damina, ina zaune a kan benci ina nuna wa wani yadda zai ɗaure bel, sai ga Rifkatu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba Modibbo, ka zo ka ga abokinka," in ji ta. "Ya buɗe mashin. Tun ranar bai ci abincin kirki ba."

Na sa aka ba ta kujera, ta ba ni labari. Ita ce take riƙe da gidan, da noman da take yi a wani ƙauye can gaba da Vinikilang a hayin gada, inda babur yake da halin yawo. Kuɗin mota da dakon kaya suna cinye amfanin, shi ya sa ta daɗe tana roƙon surukinta ya ba da babur ɗin ƙaninta Yohanna ya riƙa kai ta. A bana tsohon ya amince. Da Yohanna ya zo ya tayar da shi, ya matse hannun kuloci ya taka giya, sai babur ɗin ya yi tsalle ya mutu. Aka sake, ya sake. Yohanna ya ce a kira makaniki. Malam Ishaya ya ce an hana kowa kwancewa, amma shi uba ba kowa ba ne. Ya rufe ƙofa ya kwance da kansa, ya ɗaura. Yanzu giya tana shiga ba gardama, inji yana kuka har maƙwabta su leƙo, amma ƙafar baya ko motsi. Yohanna ya yanke cewa inji ya mutu, ranar Asabar zai kawo wani na hannu a ɗora, wannan kuma a ba 'yan gwangwan. Tsohon bai yi musu ba. Abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne, ya kashe aikin ɗansa na ƙarshe da hannunsa.

Na tambaye ta ko shi ya aiko ta. Ta ce a'a, amma da ta ce za ta zo, bai hana ba. Washegari Juma'a ce, ba na aikin nisa, amma Asabar ta yi kusa, don haka na ɗauki jakar kayan aiki muka hau keke a lokacin.

Na same shi zaune a ƙofar ɗakin, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na tambayi jiki, ya tambayi mutanen Bako. Daga nan ya nuna babur ɗin da haɓarsa, ya ce, "Ga shi nan, Modibbo. Mai shi ya ce kar a taɓa, ni na taɓa. Abin da ya rage ba amana ba ce kuma, gawa ce."

Na ce masa ba a yi wa inji wanka sai makaniki ya tabbatar. Ya ɗan murmusa.

A nan zan tsaya in yi wa masu tasowa bayani, da wanda ba ɗan sana'a ba. Kuloci aikinsa biyu ne, ya riƙe kuma ya saki. A cikinsa akwai faranta da muke kira filet, iri biyu, na ƙarfe zalla mai santsi da mai ɓawo a jikinsa. Sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai dannawa, yana matse su wuri ɗaya, ƙarfin inji ya ratsa ta cikinsu ya isa ƙafar baya. Idan ka matse hannun kuloci sai su rabu, ka samu damar sa giya. Ciwon farko na babur ɗin Bitrus a fili yake. Tsohon yana tayar da inji duk mako, amma ba wanda ya gaya masa ya riƙa matse hannun kuloci, shi kuma bai taɓa hawa babur ba a rayuwarsa. Shekara da shekaru faranta suna manne, har mai ya daskare a tsakaninsu suka zama kamar abu guda. Da an kira ni a lokacin, sai in ɗumama injin, in sa giya yana kashe, in matse hannu in riƙa jijjiga shi gaba da baya har su saki. Wataƙila ko noti ɗaya ba za a kwance ba. Wannan ban faɗa masa ba.

Ƙa'idarmu ita ce a fara daga waje kafin a shiga ciki. Na duba kebur, na ga ya ɗaure shi tam, bai bar 'yar ratar nan da ake bari a hannu ba, wadda idan babu ita kuloci yana zama a ɗan buɗe kullum. Na sassauta, muka tayar, babu canji. Na ja ma'aunin mai na shafa a yatsa na shinshina, na tambaye shi ko man mota ya zuba, domin wani man motar santsinsa yana sa faranta zamewa. Ya ce a'a, irin galan ɗin da Bitrus ya bari yake saye, bai taɓa canzawa ba. To, sai ciki. Na juye man a kwano mai tsabta, na kwance murfin gefe a hankali, domin gasket ɗin da ke jiki, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo, na gane shi, da hannu aka yanka shi daga kwali, irin yankan da nake koya wa yarana.

Da na zaro faranta sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na fara sana'a. Masu ɓawo duka suna gefe guda, na ƙarfe duka suna gefe guda, kuma a bushe ƙamas, fari fat. Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce da ya ɓamɓare su ya ga duk sun yi baƙi, sai ya wanke su da omo, ya shanya a rana. Da ya zo mayarwa ya manta yadda suke, sai ya yi abin da hankali ya ba shi.

"Na jera su kamar yara a asambuli," in ji shi. "Maza gefe, mata gefe."

Na ce, "Hedimasta, wannan makarantar ta haɗaka ce. Ɗaya daga nan, ɗaya daga can, haka har ƙarshen layi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Modibbo, yau kai da bakinka kake cewa a cakuɗa maza da mata? Rifkatu, zo ki zama shaida."

Rifkatu ta yi dariya daga madafa, ta ce ita ba ruwanta da shari'ar manya. Daga baya ta gaya mini wannan ce maganar wasa ta farko da ta ji daga bakinsa tun da abin ya faru.

Faranta masu ɓawo ba a mayar da su a bushe, sai sun sha mai, in ba haka ba za su ƙone da zarar an tashi. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, na ɗora na ƙarfen a kan gilashin taga don in ga ko sun lanƙwashe, na tarar da sauran rai a jikinsu. Na jiƙa su a kwano muka zauna jira. Azahar ta yi, kafin in tambaya Rifkatu ta kawo buta da wata tabarma a naɗe. Na gane ta. Bitrus ne ya saye ta tun yana yarona, don in na zo gidansu in samu wurin salla. Ashe tana nan a bayan ƙofa duk shekarun nan.

Bayan na idar muka yi hira irin wadda ba mu taɓa yi ba. Ya ce mini abin da ya fi damunsa ba mutuwa ba ce, domin ya binne matarsa ya kuma san inda take kwance. Wanda ba a binne ba, ba a san ranar da za a daina sauraron ƙofa ba. Ya ce duk Asabar idan inji ya tashi, yakan rufe ido ya ji kamar yaron ne ya shigo layi. Ya kawo labarin Annabi Yaƙubu da ɗansa Yusufu, wanda su ma suna karanta shi a coci, ya ce Yaƙubu aƙalla an kawo masa riga. Ni kuwa na tuna babin wanda ya ɓace a littafin fiƙihu, da na karanta a gaban mahaifina ina saurayi, da yadda muke gardama a kan tsawon jiran matarsa da hukuncin dukiyarsa, muna jin daɗin kaifin hujja. A lokacin ban san cewa a bayan kowane layi na wannan babi akwai tsoho zaune a ƙofar ɗaki ba. Ban yi masa wa'azi ba. Na gaya masa kawai cewa ni ma, har yau, idan wani yaro ya rera waƙa a gareji, nakan ɗaga kai.

Da faranta suka sha mai na jera su yadda ya kamata. Daga nan sai haɗa cibiyar kuloci da farantin da ke matse su. Waɗannan biyun suna da haƙora da ke shiga juna, kuma masu ƙerawa sukan sa 'yar kibiya a kan kowanne. Na ga kibiyoyin, na daidaita su kamar yadda na yi sau ba adadi, na ɗaure sifirin. A nan na ci karo da wata matsala. Ɗaya daga cikin ramukan da notin sifirin ke shiga ya yi laushi, tsohon ya matse shi fiye da kima, zaren cikinsa ya kusa cinyewa. Na lallaɓa shi ya kama. Na rufe murfi, na mayar da mai, na buga kik, na sa giya ta ɗaya, na saki hannu.

Ƙafar baya ta juya kamar mai jin barci. Na ɗora tafin takalmina a kanta, ta tsaya cak, inji yana ta kuka.

Na kashe. Na sake bin komai a zuciyata, kebur, mai, jerin faranta, sifirin, kibiya, ban ga inda na kauce ba. Abin da na sani shi ne ramin nan ba zai jure ɗauri da yawa ba, wataƙila sau ɗaya ya rage masa, gasket ɗin kwalin ma ya fara tsagewa a kusurwa. Ba ni da halin gwaji. Kuma irin wannan tsohon kuloci ba a samun kayansa yanzu a Jimeta, tun da babura suka bar gari masu kayan gyara suka juya ga keke. Na gaya masa gaskiya, cewa zan sake buɗewa, amma ban san abin da nake nema ba.

Na kwance, na zaro cibiyar da farantin na riƙe a hannu ina juyawa. Sai Malam Ishaya ya yi gyaran murya.

"Akwai ɓarna ɗaya da ban gaya maka ba," in ji shi, muryarsa ƙasa. "Da na wanke wannan, na ga ramuka ƙanana a bayansa. Ina jin ni na fasa shi da sukundireba lokacin da nake ɓamɓarewa. Ɗayan ma akwai. Kunya ta hana ni faɗa."

Na tambaye shi guda nawa. Ya ce uku uku.

Na fita da su tsakar gida inda rana take. Idona ya riga ya yi rauni, sai da na karkata ƙarfen haske ya kwanta a kansa. Ga su nan a gefen ciki, inda ban duba ba, ɗigo uku a jere a kan cibiya, uku a kan faranti, tazararsu daidai, na ƙarshen ya ɗan fi zurfi kamar yadda yake yi kullum, domin yakan ƙara ƙarfi a bugu na uku, na yi ta yi masa faɗa a kan haka bai daina ba. Nan take na fahimci abin da ya faru. A can gindin duwatsu, da hanya ta rufe kaya suka yanke, Bitrus ya haɗa cibiyar wani irin babur da farantin wani, ya goge haƙoran da fayil har suka zauna ta fuska ɗaya tak. Kibiyoyin masu ƙerawa ba su da ma'ana a nan, domin ba tare aka ƙera su ba. Ni na bi kibiya, shi ya sa farantin ya hau kan haƙori bai sauka ya matse ba. Kuma da tsohon bai wanke su fes da omo ba, da baƙin mai ya rufe ɗigon, ba ni ba, ko mai idon saurayi ba zai gan su ba.

Ina nan tsaye da ƙarafan a hannuna. Malam Ishaya ya taso yana tambaya ko ɓarnar ta yi yawa. Na kama yatsansa na ɗora a kan ɗigon.

"Ba kai ka yi wannan ba," na ce masa. "Hannun Bitrus ne. Ya san wata rana wani zai buɗe, ya bar masa saƙo. Ka ga ashe bai hana a taɓa ba har abada."

Ya shafa, ya sake shafawa. Ya cire tabarau ya kira Rifkatu, ita ma ta goge hannu a zane ta taɓa. Na ba su wuri, na koma ɗaki na yi kamar ina neman sifana.

Da na ɗora uku a kan uku, farantin ya faɗa mazauninsa da wata 'yar ƙara da kowane makaniki ya sani. Na yi bisimilla na ɗaure sifirin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na kishiyarsa, har na zo kan raunanan ramin, na tsaya daidai inda hannuna ya ce in tsaya. Ya riƙe. Na shafa wa gasket ɗin girisi na mayar da shi yadda yake. Kafin in rufe murfi tsohon ya tambaye ni ko ba zan buga nawa ɗigon ba, tunda na ba shi labarin al'adar. Na ce masa wanda ya yi aiki shi ke bugawa, ni kuwa yau bin umarni na yi.

Muka tura babur ɗin tsakar gida muka kafa shi. Na tayar, na matse hannu, na taka giya, ta shiga da ƙara ɗaya mai tsabta, inji bai mutu ba. Amma ban saki ba. Na kira Malam Ishaya na ce ya kawo hannunsa na hagu, na ɗora shi a kan hannun kulocin a ƙarƙashin nawa, na zare nawa. Ya riƙe da ƙarfi har jijiyoyinsa suka fito. Na ce masa ya saki a hankali, kada ya yi gaggawa, kada kuma ya ji tsoro. Ya daɗe yana riƙe. Sannan yatsunsa suka fara buɗewa. Ƙafar baya ta ɗauka, ta juya, ta yi ƙarfi har ta watsa tsakuwa a jikin garu. Na danna mata takalmi, ta ture ƙafata.

Ya tsaya yana kallonta. Can ya juya ya ce, "Rifkatu, ki gaya wa Yohanna ya zo da mota ranar Asabar, ba da inji ba. Kuma akwai sauran tuwon nan?"

Ranar Asabar aka ɗora babur ɗin a bayan a-kori-kura aka haye gada da shi. Ban je ba, amma an gaya mini tsohon ya raka shi har bakin layi, hannunsa a kan sirdi. Yanzu a kansa Yohanna ke kai Rifkatu gona ya dawo da masara da gyaɗa. Duk Asabar kuma, a lokacin da ya saba tayar da inji, Malam Ishaya yakan hau keke ya zo garejina, ya zauna a benci yana gyara wa yarana Turanci, muna sauraron titi tare.

Abin da nake so ku ɗauka, ya ku masu tasowa, kaɗan ne. Idan aka kawo muku abin da mai shi ya taɓa a gida, kada ku fara da faɗa ko dariya, ku tambaye shi a hankali abin da ya yi da abin da ya gani, domin sau da yawa maganin yana cikin abin da kunya ta hana shi faɗa. Ku fara daga waje kafin ku buɗe ciki. Kada ku dogara da alamar da kuka saba gani har ku ƙi juya ƙarfe ku duba bayansa. Kuma duk aikin da kuka haɗa, ku bar wa na bayanku alama, domin ba ku san wanda zai buɗe ba, ba ku kuma san ko kuna nan a ranar ba. Ni na koya wa Bitrus buga ɗigo yana yaro, ban san cewa wata rana da shi zai yi mini magana ba.

Ya Allah, Mai riƙewa, Mai saki, Ka bayyana mana labarin Bitrus da na duk waɗanda fitinar nan ta raba da gidajensu, Ka mayar da masu rai ga iyayensu, Ka sanyaya zukatan masu jira. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Ka sa albarka a hannun duk wanda ya karanta wannan, da sana'arsa, da iyalansa, Ka tara kowane gida da mutanensa cikakku. Amin.